Tsagar Wanzami a Kan Ɗinkin Likita

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Nakan ɗauki biro bayan la'asar, in yi layi biyu, sai in yage takardar in cusa a murhu don kada yara su tsinta. Abu biyu ne suka riƙe mini hannu. Na farko, ciwon da aka yi mini aiki a kansa ba wanda magidanci zai ambata a cikin mutane ba ne. Gwaiwa ce, wadda a kasuwar Tsanyawa ake tsokanar mutum da ita har a manta sunansa na yanka. Na biyu, akwai surukina a cikin labarin. Sai da na tambayi limaminmu ko faɗin abin da ya faru zai zama cin naman mutum. Ya ce in dai ban kama suna ba, kuma mafita nake nema, babu laifi. Na koma na sake tambayarsa don in tabbatar na ji daidai, ya ce in tashi in ba shi wuri. Don haka zan kira surukin nawa Baba Alhaji, yadda nake kiransa a gabansa. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, a yi mini uzuri inda rubutun ya karkace.

Mu manoma ne, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, inda gona take manne da gona babu ko wurin ɗaure akuya. Da aka raba mana gonar mahaifinmu, kasona ya zama in na yi atishawa a wannan iyaka, ƙanena yana yi mini addu'a daga waccan. Sai ga shekarun nan da taki ya gagari talaka, hatsi ya ƙare a rumbu tun kafin ruwa ya sauka. A nan ne Baba Alhaji, ƙanin mahaifin maiɗakina, wanda ya shekara da shekaru a wata ƙasar Larabawa, ya aiko cewa ya samo mini aiki a gonar dabino.

Na yi gwajin lafiya a Kano, jini da hoton ƙirji da komai, aka ce lafiyata ƙalau. Sai biza ta ƙi fitowa. Ina cikin jiranta kaka ta yi, na sunkuya zan ɗora buhun gero a kan amalanke, na ji wani abu ya tsinke mini a mara. Aka kwashe ni a mota zuwa asibiti ta hanyar Bici, aka yi mini tiyata. Likitan ya ja mini kunne: ban da ɗaukar kaya mai nauyi sai an kwana biyu sosai, kuma kada wani abu ya taɓa wurin. An cire zare ke nan, tabon yana nan ja, sai biza ta fito.

Na kira Baba Alhaji na gaya masa, cikin ladabi, cewa an yi mini ɗan aiki a ciki, ko za a iya jinkirtawa.

"Biza ba ta jiran mai jinya, Malam Habu," in ji shi. "Ka taho kawai. Ni da nake nan ban san hanya ba ne?"

Ba zan tsaya kan sallama da hawan jirgi ba. Na tafi.

Masaukin farko wani tsohon gida ne a bayan shagunan masu facin taya, ɗaki ɗaya cike da Hausawa, katifa na gogar katifa. Akwai na Kano, akwai na Katsina, akwai na Damagaram. Masu wankin mota ne da masu dako da masu jiran aiki. Amma da zarar an idar da sallah an zauna, babu ɗan dako ko ɗaya a ɗakin nan. Kowa likita ne, kowa alƙali ne, kowa ya san abin da sarkin ƙasar ya faɗa wa waziransa da safe. Mutumin da ba ya iya karanta lambar motar haya zai yi maka bayanin dokar ƙasa yana kaɗa yatsa.

A bakinsu na ji cewa gwajin Kano bai wadatar ba. Sai an sake wani a nan kafin a ba mutum igama, wato katin izinin zama da aiki. In babu ita, bizar shigowa tana ƙarewa mutum ya zama abin farauta. Na ce to, ni dai in na je zan gaya wa likita gaskiya, an yi mini tiyata kwanan nan.

Ɗakin ya fashe da dariya. Wani har da buga ƙafa.

"Ku ji mini baƙauye! Zai je ya kai ƙarar kansa!"

"Malam, a nan in suka ga ɗinki ko na ƙaya ne, jirgi za ka hau."

"Wani ɗan Gumel haƙori kawai aka cire masa, aka mayar da shi."

Na ce wa ya ga ɗan Gumel ɗin? Babu wanda ya gan shi. Kowa a bakin wani ya ji.

A cikinsu akwai wani wanzami ɗan Bacirawa, suna kiransa Sarkin Aska. Shi yake yi wa 'yan ɗakin aski ranar Juma'a, kuma har zabirarsa ya taho da ita daga gida, da ƙahonni a ciki. Yana da baki kamar mai tallan magani a tasha. Ya gyara zama ya ce abin mai sauƙi ne. Larabawa sun san baƙar fata da tsage-tsage a jiki, ba sa ko kallon su. Ɗinkin asibiti ne kawai suke tsoro. Saboda haka zai kafa mini ƙaho a gefen ɗinkin, sama da ƙasa, ya jera ƙananan tsaga har dogon tabon ya ɓace a cikinsu. Likita na gani zai ce aikin gargajiya ne, ya wuce.

"Ga riba biyu," in ji shi. "A ɓad da tabo, a zuƙe mataccen jinin da likitocinku suka bari a ciki. Mutum nawa na fitar da haka!"

Na ce likitan da ya yi mini aiki ya hana a taɓa wurin. Na ce kuma wannan yaudara ce, ni ba na son in ci abincin da aka samo da ita. Sarkin Aska ya ce ashe waliyyi aka kawo musu, a shimfiɗa mini buzu.

Da zancen ya tsaya a kansu da ban yarda ba. Amma washegari da hantsi Baba Alhaji ya zo, da farar jallabiya da ƙamshin turare, 'yan ɗakin suka kwashe komai suka gaya masa, har da sunan ciwon. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya kawar da kai gefe, kamar yadda suruki yake yi, ya yi magana da bango.

"Malam Habu, abin da Sarkin Aska ya faɗa shi za a yi."

"Baba, ina ganin da an bari na..."

"Ni na tsaya maka a wurin Balaraben nan. Da fuskata aka ba ka aikin. So kake ka kunyata ni?"

"A'a, Baba."

"To."

Wanda bai san surukuta ba zai ce me ya hana ni cewa ban yarda ba. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a hanya nake cire takalmi in durƙusa. Da wane bakin zan yi musu da shi, kuma a kan abin da yake ƙasan cibiyata? Ya san ba zan iya ba. Da wannan ya kama ni.

Aka fitar da mutane. Baba Alhaji ya fita ya tsaya a bayan ƙofa, don bai kamata ya ga tsiraicin mijin 'yarsa ba. Kunyarsa ta kai nan. Amma daga bayan ƙofar yana ba da umarni kamar mai sa a yi masa huɗa.

"Sarki, ka matsa kusa da ɗinkin sosai. Kada ka bar inda za a gane."

"An gama, Alhaji. Ai ko wanda ya yi ɗinkin ba zai shaida shi ba."

Na dubi askar na ce ko za a ɗan tafasa ta. Ya goga ta a hannun rigarsa ya ce askar kakansa ce, ba ta taɓa cutar kowa ba. Ya kafa ƙaho ya zuƙa, fata ta tashi, ya cire ya tsattsaga, ya mayar. Ina kallon silin ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da ya gama ya nuna mini jinin a cikin wani gwangwanin madara, baƙi ƙirin, ya ce dubi abin da nake yawo da shi. Jinin kowa in ya daskare haka yake. Ko ni da na tsaya a firamare na san wannan.

Zango na gaba gonar ce. Baba Alhaji ya ce kafin ranar gwaji gara kafili, wato Balaraben da ya ɗauki nauyina, ya gan ni. Muka yi tafiya mai nisa a mota cikin rairayi, sai ga kore shar. Ban taɓa ganin gona irin wannan ba. Dabino a jere, ruwa yana bin siririn tiyo yana ɗiga a gindin kowace bishiya, ba a jiran hadari, ba a duban gabas. Na duƙa na damƙi ƙasar na shinshina. A raina na ce in aka bar ni a nan, zan yi aikin da ba su taɓa gani ba.

Kafilin ya fito, ya dube ni sama da ƙasa yadda ake duban rago ana gobe Sallah. Ya faɗi wata magana. Baba Alhaji ya yi dariya har da sunkuyawa, ya nuna wani buhun taki da ke jingine.

"Ɗauka ya ga ƙarfinka."

"Baba, wurin nan..."

"Ɗauka mana! Yana kallo."

Na ɗauka. Na kai shi inda aka nuna, na dawo da shi. Kafin mu koma mota na ji ɗumi yana bin cinyata.

Daga ranar wurin ya kumbura, ya fara ruwa, sannan mugunya. Zazzaɓi ya rufe ni. Abin da ya fi damuna ma tsarki ne. Kowace sallah sai na wanke wando, in yi alwala, in tayar da kabbara, in ji danshi, in sallame in sake. Likitocin ɗakinmu suka ce alamar sauƙi ce, dattin ne yake fita. Sarkin Aska ya ce in shafa toka. Da wari ya fara, sai suka janye katifunsu, wanda ya fi kowa dariya ranar farko ya ce a mayar da ni kusa da ƙofa.

Mutum ɗaya ne ya dube ni da rahama, shi kuwa ko yarena ba ya ji. Wani ɗan Bangaladash ne mai dafa shayi a bakin layin. Ya ga yadda nake tafiya ina dafa bango, ya zaunar da ni a kan kujerarsa. Kullum da safe sai ya tafasa ruwa ya zuba gishiri, ya miƙo mini a kofi da auduga mai tsabta, ya nuna mini bayan shagonsa ya ja labule. Na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya ture hannuna ya nuna sama. Ban san sunansa ba har yau. Ina sa shi a addu'a da "mai shayi", na san Allah ya gane wanda nake nufi.

Ranar gwaji aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa ni jira, sannan aka kira ni ɗakin likita. Dattijo ne mai furfura, da tabarau. Tare da shi akwai wani nas baƙi, dogo. Baba Alhaji ya shigo a matsayin tafinta, ya tsaya bayan labule ya juya baya.

Likitan ya sa na kwanta, ya ɗaga rigata. Ya sa yatsa ya bi layin ɗinkin daga farko har ƙarshe, bai ko yi kuskuren bin tsaga ɗaya ba. Ɓad da tabon da aka yi ke nan. Sannan ya yi magana mai tsawo, da ɗan zafi.

Daga bayan labule Baba Alhaji ya ce, "Ya ce tiyatar ce matsala. Ka ji abin da muke gudu."

Sai nas ɗin nan ya buɗe baki da Hausa. Wata irin Hausa ce ta tsofaffi, ashe Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka tafi aikin hajji a ƙasa suka zauna a can.

"Ba haka ya ce ba, ɗan'uwa. Ya ce wanda ya yi maka aikin nan ya iya, ɗinkin ya yi kyau. Ya ce da da shi kaɗai ka zo, tambayarka zai yi yaushe aka yi, ya duba ko ya kame, in ya so ya rubuta a ba ka aiki marar nauyi tukuna. Amma yanzu ga ciwo a buɗe, ga mugunya, ga zazzaɓi, jininka ma ya nuna. Ba zai sa hannu a kan haka ba. Ka yi magani, in ka warke ka dawo. Kuma yana tambaya, wa ya yanyanka ka haka?"

Ina jin numfashin Baba Alhaji a bayan labule. Sai ya yi magana da Larabci, da muryar nan tasa mai laushi da yake yi wa Larabawa. Likitan ya girgiza kai ya dube ni da tausayi, irin tausayin da ake yi wa dabba.

Na dubi nas ɗin. Ya ce a hankali, "Tafintan naka ya ce wa likita al'adarku ce ta ƙauye. Ya ce shi ma ya hana ka, ka ƙi ji."

Na saukar da rigata na ɗaure wando. Nas ɗin ya wanke mini ciwon da kansa, ya naɗe, ya rubuta mini sunan magani, ya raka ni har ƙofa. A nan ya tambaye ni ko har yanzu ana yin fura da gero a Kano, don kakarsa ta rasu tana zancenta. Na ce ana yi. Ya ce in na koma in sha a madadinsa.

A mota Baba Alhaji ya ce, yana kallon titi, "Ka ga da ka bari Sarki ya ƙara ƙaho biyu, da bai gane ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Kafilin bai jira ba. Ya ce shi ma'aikaci ya nema, ba majinyaci ba, ya janye hannunsa. Kwanakin bizar shigowa suna ta ƙarewa, ciwon kuwa sai a hankali. Majalisar ɗakinmu ta sake zama a kaina. Wannan karon shawararsu ita ce in ɓata a cikin gari, in zauna babu takarda kamar yadda rabinsu suke zaune, in ga motar 'yan sanda in shige kwata. Sarkin Aska, ko kunya babu, ya ce jinina ne ba shi da kyau, shi aikinsa bai taɓa ɓaci ba. Baba Alhaji ya aiko a gaya mini in yi yadda suka ce. Da yake aike ne, ba gaba da gaba ba, na samu bakin cewa a gaya masa na gode, gida zan koma. Ni da ko kuɗin mota na manta ban biya ba ba na iya barci, ina ni ina wasan ɓuya da hukuma a ƙasar mutane?

A filin jirgi wani yaron soja ya sa na ɗora yatsuna a kan gilashi, ya haska mini wani abu a ido, ya daddanna na'urarsa ya daɗe yana kallo. Ban san abin da ya gani ba, ban san abin da ya rubuta ba. Ya buga hatimi ya miƙo mini fasfo ba tare da ya ɗago kai ba.

Na iso gida na tarar labari ya riga ni. Baba Alhaji ya bugo waya ya ce likitocin can sun gano wata tsohuwar cuta a jikina, shi ya yi iya ƙoƙarinsa. Mutane suna zuwa yi mini sannu suna zama nesa. Maiɗakina kaɗai na nuna wa wurin. Ta duba, ta ƙirga tsagar da ido, ta ce, "Baba ne ya sa?" Na ja rigata na rufe wurin. Ba ta sake tambaya ba, amma da ya zo gida hutu ta aika masa da tuwo ba ta je gaishe shi ba. Ni na je. Na cire takalmi na durƙusa, ya ba ni carbi da ɗan kwalbar turare.

Yanzu na warke sarai. Na yi noman damina biyu, ina ɗaukar buhu ba na jin komai. Gonar dai ba ta ƙara faɗi ba, yara kuwa sun ƙaru. Wani mutumin kirki ya ce zai iya samo mini aiki a waccan ƙasar Larabawan, ta hanyar da ba ta bi ta kan surukina ba. Amma masana sun sake taruwa, don a ƙauyenmu ma ba a rasa su ba. Wasu sun ce sunana yana cikin na'urarsu a matsayin marar lafiya, har abada ba zan shiga ba. Wasu sun ce ana gogewa. Wani ya ce in canja suna in yi sabon fasfo, kamar yatsun nawa ma zan canja. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya wa ya taɓa zuwa, babu ko ɗaya.

Shi ya sa na rubuto. Ina roƙon masu karatu, don Allah, in akwai wanda likitan igama ya taɓa ce masa ya je ya warke ya dawo, bai samu komawa ba har ya bar ƙasar, ya gaya mini yadda aka rubuta shi, da ko ya sake shiga daga baya. In akwai mai aiki a irin wannan asibiti, ya gaya mini ko tabon tiyata da ya warke, kewaye da tsagar wanzami, zai sa a tsayar da mutum, da abin da ya kamata in riƙo daga asibitin da aka yi mini aiki. Gaskiya zan faɗa musu ko me za ta jawo, ina dai so in san abin da ke gabana kafin in sake barin yarana. A aiko ta hannun masu wannan shafi, za su isar mini.

Amma wanda ya kwanta a kan gadon nan da kansa, ko ya tsaya a kansa yana aiki, shi nake nema. Wanda a bakin wani ya ji, don girman Allah ya riƙe abinsa.